Ƙurajen damtsen da soso ba ya wankewa

Shafa bayan damtsenka, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Wasu santsi za su ji. Da yawa kuwa abin da tafinsu zai ci karo da shi garje-garje ne: ƙananan ƙuraje masu tauri, jere da juna, kamar tsikar jiki ta tashi ta ƙi kwanciya. Ba sa ciwo, ba sa ruwa, ba sa tara mugunya, ƙaiƙayin ma sai jefi-jefi. Suna nan dai, shekara da shekaru. Wani a cinya yake da su, wani a mazaunai, yara ƙanana kuma sau da yawa a kumatu. Likitocin fata suna kiran abin keratosis pilaris, a harsuna da dama kuma ana yi masa laƙabi da fatar kaza, don ya yi kama da jikin kazar da aka fige.

Littattafan likitanci sun ƙiyasta cewa kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na matasa masu tasowa suna da shi, manya kuma kusan kashi 40. Abin da ya kama fiye da rabin samari da 'yan mata da wuya a kira shi cuta kai tsaye, shi ya sa likitoci da yawa suke ɗaukarsa a matsayin wani nau'i na halittar fata, kamar yadda wani yake da gashi mai laushi wani mai tauri. Sai dai wannan magana ba ta sanyaya ran yarinyar da ta daina sa riga mai gajeren hannu, ko uwar da kullum take duban kumatun ɗanta tana tunanin wani abu ta yi ba daidai ba. Damuwar gaskiya ce, kuma ita ce take kai mutane ga magungunan da suka fi ƙurajen ɓarna.

Sunan kansa ya faɗi abin da yake faruwa. Kalmar farko daga Girkanci take, tushenta ƙaho. Ta biyu daga Latin, tushenta gashi. Keratin shi ne sinadarin da jiki yake gina farce da gashi da saman fata da shi, shi ne kuma yake cikin ƙahon dabba da kofatonta. Fata kullum cikin saɓa take, ko da ba ma gani. Sababbin ƙwayoyi suna haihuwa a ƙasa, suna hawowa sama a hankali suna cika da keratin, su mutu, su zube, tafiyar da take ɗaukar kusan wata guda ko ɗan fiye. A bakin kowace ƙofar gashi ma haka ake yi. Ga mai wannan lalura, matattun ƙwayoyin da suke bakin ƙofar ba sa zubewa kan lokaci. Sai su manne wa juna, su dunƙule, su zama 'yar toshiya mai tauri da ta cika ƙofar har ta ɗan turo sama. Kowane ƙurji da kake ji ƙofar gashi ɗaya ce da ta toshe. Sau da yawa akwai siririn gashi a ƙarƙashi, ya rasa hanyar fita ya nannaɗe kamar igiya. Wannan ne ma dalilin da ba za ka taɓa ganin ƙurajen a tafin hannu ko tafin ƙafa ba: babu gashi a wurin, babu ƙofar da za ta toshe.

To me ya sa ƙofar wani take toshewa, ta wani kuma ba ta yi? Gado yana da babban hannu. Tsarin gadon irin wanda kwafi ɗaya na ƙwayar gadon ya isa ne, wato ko uba ne kaɗai yake da shi ko uwa, yana iya sauka kan 'ya'ya, kodayake ƙarfinsa yakan bambanta ko a tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Likita yakan duba damtsen yaro, ya waiwaya ya ce wa mahaifiyar ta shafa nata, sai a ga ashe tare suke.

A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotilan, ƙarƙashin Irwin McLean, suka gano cewa tawaya a ƙwayar gadon da take sarrafa wani sinadari mai suna filagirin ita ce tushen wata bushewar fata ta gado, wadda take sa fata ta yi kamar ɓawon kifi, kuma tana ƙara haɗarin ekzima, ciwon nan mai ƙaiƙayi da yake yawan kama yara. Filagirin yana taimakawa wajen shirya saman fata, idan ya gama aikinsa kuma sai ya narke ya zama wasu ƙananan sinadarai masu riƙe ruwa. Da ƙarancinsa, fata takan zama kamar bangon da aka gina ba a cike tsakanin tubalansa ba: ruwa ya tsere, bushewa ta shiga. Masu waɗannan lalurori biyu suna yawan samun ƙurajen damtse, har aka yi zaton an kama bakin zaren. Amma wani bincike na 2015 ya tarar cewa kusan ɗaya cikin uku ne kawai na masu ƙurajen da aka gwada suke da wannan tawaya. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, a ƙofofin da suka toshe, 'yar jakar maiƙon da ta kamata ta kasance a gefen kowane gashi ba ta nan. Kafin nan, a 2012, wasu likitoci a Indiya sun kawo wani ra'ayi na daban: cewa gashin ne yake fara nannaɗewa, ya soki bangon raminsa daga ciki, sannan toshiyar ta biyo baya. Ko wanne aka ɗauka cikin ukun, wuri ɗaya suke nunawa. Matsalar tana cikin yadda aka ƙera ramin gashin, kuma bushewa tana rura ta.

Daga nan za a gane abin da ya sa soso yake cin amanar mai shi. Tunanin farko da yake zuwa wa kowa shi ne dauɗa ce, don haka a ƙara sabulu, a nemo soso mai kaushi, wani har dutsen goge ƙafa yake ɗauka. Ranar farko kuwa sai a ji wurin ya yi sumul, domin an kankare kawunan toshiyoyin. Amma gindinsu yana cikin rami, inda soso ba ya kaiwa. Abin da aka cire da gaske shi ne ɗan maiƙon da ya rage da kuma saman fatar da yake tare ruwa. Fata kuwa idan aka dame ta da gurza, martaninta shi ne ta ƙara kauri, kamar yadda kanta take fitowa a hannun mai aikin ƙarfi. Bayan kwana biyu ƙurajen su dawo, wannan karon da kumburi a kewayensu.

Kumburin nan shi ne inda launin fata yake shigowa cikin maganar, kuma a ganina ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Yawancin hotunan da suke cikin littattafai na farar fata ne, inda ƙurajen suke fitowa da ja-ja a kewaye. A baƙar fata ko wankan tarwaɗa jan ba ya bayyana sosai. Abin da ake gani ɗigo-ɗigo ne masu duhu, ko masu launin toka, wani lokaci kuma launinsu ɗaya da sauran jiki sai an shafa a ji. Fata mai duhu tana da wata ɗabi'a: duk inda ta ji rauni ko ta kumbura, ƙwayoyin da suke yin launi sukan zubo shi da yawa a wurin, ya bar baƙin tabo da yake iya ɗaukar watanni kafin ya dushe. Saboda haka mai matse ƙurajen da farce, ko mai ƙwaƙulo gashin da allura, yana musanya ƙurjin da ba a gani daga nesa da tabon da ake hangowa. Daga nan sai a koma neman man da zai goge tabon, a faɗa hannun man bilicin, wanda sau da yawa yake ɗauke da siteroyid mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi, ko haidurokwinon mai dusar da launin fata, wasu ma har da sinadarin makyuri mai lahani ga ƙoda. Siteroyid mai ƙarfi idan aka daɗe ana shafa shi yana sirantar da fata, ya fito da nankarwa, ya kuma haifar da nasa ƙurajen. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta tawul, ko gado, ko runguma. Babu ƙwayar cuta a cikinsa, don haka maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sha ko na shafawa, ba shi da abin da zai kashe. Ba alamar dattin jini ba ne, ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji. Maganar da take yawo a intanet cewa alkama ce take kawo shi, ko madara, ba ta da hujjar bincike a bayanta.

Akwai dai wasu ƙuraje da suke kama da shi, kuma bambance su yana da amfani. Ƙurajen balaga sukan yi ciwo, su yi farin kai ko baƙi, su zo su tafi, sun kuma fi son fuska da ƙirji da gadon baya. Ƙurajen zafi suna fitowa ne lokacin gumi, da ƙaiƙayi mai tsikari, su lafa da an samu sanyi, alhali ƙurajen damtse sanyi ne yake tayar da su. Idan ƙwayar cuta ta shiga ramin gashi, za a ga mugunya da zafi. Ƙazwa kuwa ƙaiƙayinta na dare ne, tana son tsakanin yatsu, kuma takan bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kama da shi sosai shi ne abin da wani likita mai suna Lucius Nicholls ya bayyana a 1933 a tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau, ya sa masa suna da yake nufin fatar kwaɗo. Wannan na rashin abinci mai gina jiki ne, musamman ƙarancin bitamin A, ƙurajensa sun fi girma, sun fi taruwa a gwiwar hannu da ta ƙafa, kuma yakan zo tare da dundumi. Kamannin nan ne ya sa wasu suke ba masu ƙurajen damtse shawarar su riƙa shan bitamin A. Ga wanda ba shi da ƙarancinsa, shawara ce mai haɗari: bitamin A yana taruwa a hanta, yawansa yana cutar da ita, ga mai ciki kuma yana iya nakasa ɗan tayi.

Magani na gaskiya aiki biyu yake yi a lokaci guda: ya jiƙa toshiyar har ta saki, ya kuma hana fatar bushewa. Sinadarai uku ne suka fi suna a nan, kuma ana samunsu a cikin mayukan da ba sa buƙatar takardar likita.

Na farko yuriya. Wasu da sun ji sunan sai su yamutsa fuska, don sun san ana samunta a fitsari. Wadda take cikin mai a masana'anta ake haɗa ta. Tun 1828 wani masanin sinadarai Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya nuna ana iya yinta ba tare da jikin dabba ba. Fatar mutum ma tana da tata, tana cikin abubuwan da suke riƙe mata ruwa. Ƙarfinta yana bin yawanta: a kashi 10 cikin ɗari aikinta jawo danshi ne, daga kashi 20 zuwa sama kuma sai ta fara sassauta keratin ɗin kansa. Na biyu laktik asid, wanda shi ma yana cikin fata tun asali, ana kuma yawan sayar da shi a kashi 10 ko 12. Yana kwance abin da ya manne matattun ƙwayoyi da juna. Na uku salisilik asid, ɗan'uwan asfirin, wanda yake narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ramin gashi. Wani gwaji da aka yi a Tailan, aka wallafa a 2015, ya gwada laktik asid na kashi 10 da salisilik asid na kashi 5, ana shafawa sau biyu a rana. Bayan mako 12, ƙurajen sun ragu da kashi 66 cikin ɗari a ɓangaren laktik, da kashi 52 a ɓangaren salisilik. Dubi alƙaluman da kyau. Wata uku na shafawa safe da yamma, ba fashi, kuma duk da haka kusan kashi ɗaya cikin uku ko rabi yana nan. Duk kwalbar da ta yi alkawarin sumul cikin mako guda, ciniki take nema.

Yadda ake shafawa ya kusa kai maganin muhimmanci. A yi wanka da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, kada ya wuce minti biyar zuwa goma, domin ruwan zafi yana wanke maiƙon fata kamar yadda yake wanke na kwano. Sabulu mai laushi, marar yawan ƙamshi. Idan za a cuɗa wurin, da tsumma mai taushi ko tafin hannu, a hankali. A dangwala tawul a tsane jiki maimakon a goge, sannan a shafa man tun fatar tana da sauran laima, cikin 'yan mintoci.  Da farko a fara da sau ɗaya a rana, ko ma rana bayan rana, a ga yadda fata za ta karɓa. Ɗan raɗaɗi na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne, musamman da laktik asid. Idan kuwa wurin ya yi zafi, ya fara saɓa ko ya ƙara duhu, a dakata, a koma kan mai zalla irin su basilin har ya huce. Kada a shafa waɗannan asid a kan fatar da ta tsage, ko wadda aka aske yanzu, ko inda ekzima ta tashi. Laktik asid da danginsa suna sa fata ta fi jin rana, don haka wurin da yake buɗe yana buƙatar kariya. Tufafi masu matsewa da suke goga cinya da damtse suna ƙara tayar da ƙurajen, haka ma aski da tsige gashi da kakin zuma.

Yara ƙanana hukuncinsu daban ne. Fatarsu siririya ce, kuma salisilik asid idan aka shafa shi a wuri mai faɗi yana iya ratsawa cikin jini. Ga ɗan shekara biyu ko uku mai garje a kumatu, mai zalla ya wadatar. Yaron bai ma san da su ba. Mu ne muke gani.

Idan an yi wata biyu ko uku babu canji, likitan fata yana da sauran makamai. Akwai mayukan retinoyid, irin su tiretinoyin da adafalin, waɗanda suke daidaita yadda ƙwayoyin fata suke girma da zubewa. Suna aiki ga wasu, amma suna busar da fata, kuma a kan fatar da dama bushewa ce matsalarta wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da su. Siteroyid mai sauƙi yana rage ja da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, ba ya taɓa toshiyar, kuma ba abin ɗorewa ba ne. Sai hasken leza, haske mai ƙarfi da ake haska wa fata da na'ura, wanda wani nau'insa yake rage jan, wani kuma yake rage kaushin ta hanyar raunana gashin. Yana da tsada, ana maimaita shi sau da yawa, ga mai duhun fata kuma akwai haɗarin ƙuna da tabo, domin launin fatar yana shanye hasken. Nau'in da ake kira mai nanomita 1064, wato ma'aunin zangon haskensa, ya fi aminci ga irin wannan fata, da sharaɗin hannun da yake riƙe da na'urar ya saba da ita.

Duk waɗannan, daga yuriya har leza, babu wanda yake sauya yadda aka ƙera ramin gashin. Da an daina shafawa, cikin 'yan makonni toshiyar takan sake taruwa. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, su ce maganin ƙarya ne. Abin ya fi kama da yankan farce: wanda ya yanke yau bai yi mamaki ba idan ya ga ya tsiro bayan mako biyu. Idan fatar ta yi laushi, yawanci sau biyu ko uku a mako ya isa a riƙe ta a haka, a ƙara idan sanyi da busasshiyar iska suka shigo, a rage idan iska ta yi laima.

Akwai kuma maganar da ake yawan faɗa wa matasa don a kwantar musu da hankali, cewa da sun kai shekara 30 zai tafi da kansa. Ga wasu haka ne. Amma wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1994, wanda ya bi tarihin masu lalurar 49, ya ba da hoto mai ɗan bambanci: kashi 35 cikin ɗari sun ce ya ragu da shekaru, kashi 43 sun ce yana nan yadda yake, kashi 22 kuma sun ce ƙaruwa ya yi. Mutum 49 ba su da yawa, kuma waɗanda suka je asibiti ne, wato masu nau'in da ya fi tsanani. Duk da haka ya isa ya sa a daina yi wa kowa alkawari. Fiye da rabinsu tun kafin su cika shekara 10 abin ya fara musu. Balaga takan tayar da shi, juna biyu ma haka ga wasu mata, kuma an fi ganinsa ga masu ƙiba.

Wurare kaɗan ne ya kamata a daina gwaje-gwaje a gida a nufi likita. Idan ƙurajen suna ciwo, suna mugunya ko suna zubar da jini. Idan sun ɓullo farat ɗaya a jikin babban mutum da bai taɓa samunsu ba, musamman bayan fara wani sabon magani, domin wasu magungunan ciwon daji, irin su bemurafenib, suna fito da ƙuraje masu kama da su. Sai kuma wani nau'i da ba a cika gani ba, wanda yake farawa tun yarinta a gefen gira na waje da kumatu. Shi wannan ba ya tsayawa a toshiya: yana lalata ramin gashin, ya bar 'yan ramuka a fata, gashin girar ya zube. Ramin da ya riga ya mutu ba ya sake fito da gashi, don haka uwar da ta lura girar ɗanta tana sirancewa daga gefe, ga kuma garje a wurin, kada ta jira ya girma.